Addu'a ko Doka? Fashin Baƙi kan Tsoron Allah da Aikin Majalisa a Matsalar Tsaron Najeriya

Duk lokacin da aka kai harin da ya girgiza ƙasa, magana iri biyu ce ke fitowa. Daga kan mumbari da bagaden coci za ka ji ana cewa mu koma ga Allah, laifuffukanmu ne suka jawo mana, a yi alƙunutu, a ɗauki azumi. Daga zauren majalisa kuma za ka ji ana cewa a tsaurara doka, a sa hukuncin kisa, a ayyana wane da wane a matsayin 'yan ta'adda. Sai jama'a su rabu. Wasu su ce addu'a ta ishe mu, an daɗe ana yi ba a ga canji ba. Wasu su ce dokar da ɗan Adam ya rubuta ba ta gyara zuciyar da ta ƙeƙashe.

To shin tsoron Allah zai iya tsare gari in babu hukuma mai ƙarfi? Majalisa za ta iya rubuta dokar da za ta sa mutum ya ji tsoron Allah? In kuma ana son haɗa su biyun, a ina ya kamata a haɗa su? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ta fi damuna, domin a ganina mun daɗe muna haɗa su a inda bai dace ba.

Me ake nufi da ɗabi'un addini a maganar tsaro?

Ba yawan masallatai da coci-coci ake nufi ba. Da haka ne, da Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi kowa kwanciyar hankali. Abin da ake nufi shi ne halayen da addini ke dasawa a zuciya, waɗanda ke hana mutum ɓarna ko da ba mai ganinsa: girmama ran ɗan Adam, riƙon amana, adalci ko da a kan ɗan'uwa ne, cika alƙawari, da jin cewa akwai ranar hisabi. Malaman Musulunci sun tattara manufofin shari'a a kan kare abubuwa biyar, wato addini da rai da hankali da nasaba da dukiya. Wanda ya duba jerin nan da kyau zai ga cewa fiye da rabinsa aikin tsaro ne tsagwaronsa. A Suratu Ƙuraishi ma, ni'imomi biyu Allah ya ambata wa mutanen Makka: ya ciyar da su daga yunwa, ya amintar da su daga tsoro. A ɓangaren Kirista, wasiƙar Bulus ga Romawa sura ta 13 ta ce mai mulki ba a banza yake riƙe da takobi ba, an ba shi ne don hukunta mai aikata mugunta.

Doka kuwa ita ce umarnin da ke da hukunci a bayansa, wanda ɗan sanda zai kama ka a kansa, alƙali ya yanke maka. Akwai wata magana da ake jingina wa Sayyidina Usmanu ɗan Affan, cewa Allah yana hana mutane ɓarna ta hanyar mai mulki, irin hanin da Alƙur'ani shi kaɗai ba ya yi musu. Ma'anarta a fili take. Akwai wanda wa'azi ke isarsa, akwai wanda sai ya ga bulala. Tun a can baya ke nan magabata ba su ɗauki wa'azi da hukuma a matsayin kishiyoyi ba.

Abin da kundin tsarin mulki ya ce, da inda ya yi shiru

Sassa huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ne ke iyakance wannan muhawara. Sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin hukuma. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin yin addininsa, da sauya shi, da yaɗa shi ta hanyar ibada da koyarwa. Sashe na 45 ya ce za a iya taƙaita wannan 'yanci da dokar da ta dace, saboda tsaron ƙasa ko lafiyar jama'a ko kiyaye tarbiyya ko kare haƙƙin wasu. Sashe na 14 kuma ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati.

Akwai wani sashen da mutane ba su cika ambata ba, shi ne na 23. A nan aka jera ɗabi'un ƙasa, har da ɗa'a da gaskiya da mutunta sana'a da adalci a zamantakewa da haƙuri da addinin juna. Wato halayen da ake ta kira a koma musu suna nan a rubuce. Sai dai sashe na 14 da na 23 duk suna cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya ce kotu ba ta da hurumin tilasta wa gwamnati aiwatar da shi. Manomin da aka ƙona wa rumbu ba zai iya zuwa kotu ya ce gwamnati ta saɓa wa sashe na 14 a kansa ba. An rubuta alƙawarin, an kuma cire masa haƙora.

Sannan akwai maganar wane ne ke da iko. Soja da 'yan sanda da makamai duk suna cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, kuma sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar. Majalisar jiha, wadda ita ce ta fi kusa da ƙauyen da ake kai wa hari, ba ta da iko da bindiga ko ɗaya. Abin da ya rage a hannunta shi ne dokokin laifuffuka na jiha da harkar filaye da masarautu da al'amuran addini. Wannan na cikin dalilan da suka sa in tsaro ya taɓarɓare, hannun jihohi ke saurin kaiwa kan masu wa'azi. Nan ne hannun ke iya kaiwa.

Dokar wa'azi da tarihinta

Tarihin ya fara ne daga unguwar 'Yan Awaki a Kano. A watan Disamban 1980 mabiyan Muhammadu Marwa, wanda aka fi sani da Maitatsine, suka gwabza da 'yan sanda, sai da soja suka shiga. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 4,177 suka mutu. Ragowar almajiransa suka sake tayar da fitina a Bulunkutu ta Maiduguri da Kaduna a 1982, da Jimeta a 1984, da Gombe a 1985. A sanadin wannan fitina ne gwamnatocin soja na jihohin Arewa suka ƙarfafa dokokin tantance masu wa'azi, kuma dokar Kaduna ta 1984 na cikinsu.

A 2016 Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya aika wa majalisar Kaduna ƙudirin sabunta waccan doka. Ƙudirin ya tanadi lasisin wa'azi na shekara guda, da kwamitocin tantancewa na Jama'atu Nasril Islam da ƙungiyar Kiristoci ta CAN, da taƙaita amfani da lasifika da dare. Musulmi da Kirista duka sun yi ca a kansa. Majalisar ta amince da shi a watan Yunin 2019, a cikin watan kuma wata babbar kotu a Kaduna ta yanke cewa tilasta wa fastoci neman lasisi ya saɓa wa kundin tsarin mulki, a ƙarar da ƙungiyar cocin Pentikostal ta shigar. A watan Satumban 2025 maganar ta sake tasowa a Jihar Neja, inda Gwamna Umaru Bago ya ce sai an duba huɗuba kafin a hau mumbari da ita. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar ma sun ɗanɗana irin wannan a Yunin 2019, lokacin da majalisarsu ta amince da dokar tsara harkokin ibada. An kama wani limami a Maraɗi da ya soki dokar, masu zanga-zanga suka ƙona coci.

Masu goyon bayan irin wannan doka suna da hujja mai nauyi. Likita ba ya yin tiyata sai da takardar shaida, direba ba ya tuƙi sai da lasisi, to me ya sa wanda kalmarsa ɗaya za ta iya tayar da gari zai hau mumbari ba tare da kowa ya san inda ya yi karatu ba? Suna kuma tuna mana cewa malamai da kansu ne suka fara shan wuyar wa'azin da ba shi da linzami. An harbe Shaikh Ja'afar Mahmud Adam yana jan sallar asuba a masallacinsa na Ɗorayi a Kano a watan Afrilun 2007. An kashe Shaikh Albani Zariya tare da matarsa da ɗansa a Fabrairun 2014. A Nuwamban shekarar aka tayar da bama-bamai a babban masallacin Juma'a na Kano, masallata fiye da ɗari suka rasu.

Masu adawa kuma suna tambaya, wa zai riƙe lasisin? In gwamna ne ke naɗa masu tantancewa, malamin da ya soki gwamna ranar Juma'a zai iya rasa takardarsa ranar Litinin. In ƙungiya ɗaya ce ta mamaye kwamitin, 'yan ɗariƙa za su tantance 'yan Izala ko kuma akasin haka, rigimar da aka gudu sai ta dawo ta ƙofar hukuma. A yau ma da waya ta zama mumbari, wanda aka hana masallaci sai ya koma Facebook da TikTok, mabiyansa su ƙaru domin yanzu ya zama wanda aka zalunta.

Ni dai ina ganin hukunta mai tunzura jama'a a kan zubar da jini wajibi ne, kuma dokokin da ake da su na laifuffuka sun riga sun tanadi haka. A kai shi kotu a kan abin da ya faɗa, da shaida, da lauya. Amma duba huɗuba kafin a karanta ta yana lalata abu mafi tsada da malami ke da shi, wato yardar jama'a. Ranar da aka fara kiransa malamin gwamnati, ranar ce fatawarsa a kan masu tsattsauran ra'ayi ta daina tasiri a kunnen matashin da ake son cetowa.

Darasin Maiduguri

Ana yawan cewa da an hana Muhammad Yusuf wa'azi da wuri, da ba a kai ga Boko Haram ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma a duba yadda wutar ta kama. An sha kama shi ana sakinsa. Malamai sun zauna da shi sun yi muƙabala, kaset ɗin na nan har gobe, sun kuma gargaɗi hukuma. A watan Yunin 2009 jami'an rundunar sintiri ta Jihar Borno suka tare mabiyansa suna kan hanyar maƙabarta, gardama ta tashi a kan dokar sa hular kwano, aka buɗe wuta, aka raunata mutum goma sha bakwai. A ƙarshen Yuli rikici ya ɓarke a Bauchi da Maiduguri da wasu garuruwa. Soja suka kama Yusuf da ransa suka miƙa wa 'yan sanda, aka kashe shi a hannunsu ranar 30 ga wata ba tare da ya ga alƙali ba. Surukinsa Baba Fugu, dattijo, ya kai kansa ofishin 'yan sanda, shi ma gawarsa aka gani. Daga baya kotu ta umarci a biya iyalansa diyyar naira miliyan ɗari.

Aƙidar ƙungiyar ɓata ce, kuma jinin dubban bayin Allah da ta zubar yana wuyan waɗanda suka zubar da shi. Amma ba za a musa ba cewa hotunan kisan gillar 2009 sun zama babban jarin Abubakar Shekau wajen ɗibar mayaƙa. Dokar da ta hana kashe wanda ke tsare tana nan tun kafin ranar. Addini ma ya hana. Abin da aka rasa shi ne wanda zai tsaya ya ce an karya ta, kuma ga hukuncin wanda ya karya.

Bayan haka ne Majalisar Tarayya ta yi dokar yaƙi da ta'addanci ta 2011, ta gyara ta a 2013, ta maye gurbinta da sabuwa a 2022. Dokoki ne masu amfani, musamman wajen bin sawun kuɗi. Sai dai sai a 2017 aka fara shari'ar ɗaruruwan waɗanda ake zargi a barikin Kainji, bayan wasunsu sun shafe shekaru a tsare, kuma an sallami da yawa saboda babu wata hujja a kansu. Mutumin da aka tsare shekara huɗu ba da laifi ba, ya fito ya tarar gonarsa ta zama ta wani, wane wa'azin haƙuri za a yi masa ya ji?

Zamfara, tambayar da ake kauce wa

Wannan ɓangaren yana da nauyi a baki, amma dole a faɗa. Zamfara ce jihar farko da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a ɓangaren laifuffuka. Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya shelanta ta a Gusau a watan Oktoban 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, jihohi goma sha ɗaya suka bi sahu. Jama'a sun yi tururuwa da murna ta gaskiya, domin sun gaji da kotunan da shari'a ke shekara goma, da 'yan sandan da sai ka biya kuɗin takarda kafin a rubuta ƙorafinka. A watan Maris na 2000 aka yanke hannun wani mutumin Jangebe da ya saci saniya. Shekara ashirin da ɗaya bayan haka, a Fabrairun 2021, 'yan bindiga suka shiga makarantar 'yan mata ta wannan gari na Jangebe suka kwashe ɗalibai 279.

Masu ƙin shari'a na ɗaukar wannan a matsayin hujjar cewa ta gaza. Ban yarda da su ba. Abin da ya faru shi ne an ɗauki ɓangaren da ke hawa kan talaka, an ajiye ɓangaren da ke hawa kan mai iko. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya faɗi abin da ya halaka al'ummomin da suka gabata: in babba ya yi sata su ƙyale shi, in mai rauni ya yi su tsayar masa da haddi. A shekarun da ake rufe gidajen giya da raba maza da mata a motocin haya, a daidai lokacin ake yanka dazuzzukan kiwo ana raba wa manya a matsayin gonaki, ana nome burtali, ana toshe mashaya. Dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 tana nan a takarda. Makiyayin da shanunsa suka shiga gona ya san abin da ke jiransa, daga ɗan sanda zuwa alƙali zuwa hakimi kowa sai ya ci nasa, ya sayar da sa biyu a kan ɓarnar da ba ta kai kuɗin tunkiya ba. Manomin da aka cinye wa gero shi ma ba ya ganin komai daga tarar. Da ɓarayin shanu suka addabi kowa, aka kafa 'yan sa-kai, su kuma suka riƙa yanka mutane a tsakiyar kasuwa a kan zargi. Daga nan ramuwar gayya ta zama sana'a, sana'ar kuma ta girma ta fi ƙarfin waɗanda suka fara ta.

Kwamitin da gwamnatin Zamfara ta kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda Muhammad Abubakar ya gano hannun wasu sarakuna da hakimai da jami'an tsaro a cikin lamarin. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bar mana magana a kan wannan tun fiye da shekara ɗari biyu, cewa mulki yana iya ɗorewa tare da kafirci, amma ba ya ɗorewa tare da zalunci. Muna yawan karanta ta a taruka. Ban san wata majalisar jiha da ta ɗauke ta ta mayar da ita dokar binciken alƙalai da masu rabon filaye ba.

Sulhu da tuba

Nan ne addini da doka suka fi cin karo a idon jama'a. Gwamna Aminu Masari ya yi sulhu da 'yan bindiga a Katsina a 2016 da 2019, daga baya ya fito ya ce sun ci amanarsa. Gwamna Bello Matawalle ya gwada a Zamfara a 2019. Shaikh Ahmad Gumi ya shiga daji ya gana da su a 2021, har yau ana muhawara a kan tafiyar. A Arewa maso Gabas akwai shirin soja na gyaran halin tubabbun 'yan Boko Haram da aka fara a 2016, mai sansani a Malam Sidi ta Jihar Gombe, sannan dubbai sun miƙa wuya a Borno bayan mutuwar Shekau a 2021. A gefe guda kuma, wata babbar kotun tarayya ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a Nuwamban 2021, gwamnati ta buga a jaridarta a Janairun 2022.

Masu son sulhu suna kafa hujja da cewa Allah mai karɓar tuba ne, kuma sulhu alheri ne. Masu ƙi suna kafa hujja da ayar hiraba a Suratul Ma'ida, aya ta 33, wadda ta tanadi hukunci mafi tsanani ga masu tare hanya da ɓarna a bayan ƙasa. Abin da kowane ɓangare ke tsallakewa shi ne aya ta 34 da bayanin malamai a kanta. Ayar ta keɓe waɗanda suka tuba kafin a ci ƙarfinsu. Mafi yawan malaman fiƙihu sun ce wannan tuba tana kawar da haddi, wanda haƙƙin Allah ne, amma haƙƙin mutane yana nan. Dukiyar da aka ƙwace a mayar da ita, jinin da aka zubar kuma magada ne ke da ikon yafewa ko neman haƙƙinsu. Gwamna ba shi da hurumin yafe jinin ɗan wani.

A auna sulhun da aka yi da wannan ma'auni. An zauna da mutum yana rataye da bindigarsa, ya koma daji da ita. Ba a kira gwauruwar da ya kashe wa miji ba. Ba a rubuta abin da zai biyo baya in ya saɓa ba. Wannan bai cika sharuɗɗan fiƙihu ba, bai kuma cika na doka ba. Ga aikin da ke jiran 'yan majalisa: dokar da za ta fayyace wanda ya cancanci afuwa da wanda dole ya gurfana, yadda za a karɓi makamai, asusun diyya ga waɗanda aka zalunta daga kowane ɓangare, Hausawa da Fulani, Musulmi da Kirista, da kujerar da magada za su zauna a wurin zaman. Malamai suna da ilimin, majalisa tana da alƙalamin.

Kuɗin fansa

A Afrilun 2022 Majalisar Dattawa ta amince da ƙudirin da ya tanadi ɗaurin aƙalla shekara 15 ga wanda ya biya kuɗin fansa. Dalilin a bayyane yake, kuɗin ne ke sayen harsashin da za a sace na gaba. Amma na taɓa tsayawa a ƙofar wani masallaci bayan sallar isha'i, an shimfiɗa rawani a ƙasa ana tara wa wani maƙwabci kuɗin karɓo matarsa da jaririnta. Mai shayi ya juye cinikinsa na ranar, wani tsoho ya kwance bakin aljihu ya ajiye naira ɗari biyu yana ba da haƙuri. Mijin yana zaune a gefe da waya a hannu, ko ɗaga kai bai iya yi ba. A wurin mutanen nan ceton rai suke yi, kuma ibada ce. Dokar da za ta kira su masu laifi alhali ba ta zo ta ceto matar ba, ba mai bin ta, kuma duk dokar da mutanen kirki suka saba karyawa tana rage kwarjinin sauran dokoki.

Rantsuwa da amana

Kowane shugaban ƙasa da gwamna da ɗan majalisa da alƙali yana kama aiki ne da rantsuwa, akasari da Alƙur'ani ko Littafi Mai Tsarki a hannu. A nan addini ya riga ya shiga doka. Abin da ya biyo bayan rantsuwar ne babu mai bibiya. A 2015 aka bankaɗo zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai, a lokacin da sojoji ke kukan ƙarancin kayan yaƙi a Borno, shari'ar kuma ta yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. Kuɗin tsaro da gwamnoni ke ware wa kansu duk wata ba a bayyana yadda ake kashe su. Hukumar binciken da gwamnatin Kaduna ta kafa a kan rikicin soja da 'yan Shi'a a Zariya na Disamban 2015 ta tabbatar an binne mutum 347 a kabari ɗaya, ta kuma ba da shawarar a gurfanar da masu hannu. A Tudun Biri, a Disamban 2023, jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam a kan masu Mauludi, mutum aƙalla 85 suka rasu, rundunar ta amsa cewa kuskure ne.

Majalisa ba za ta iya dasa tsoron Allah a zuciyar jami'i ba. Abin da za ta iya shi ne ta sa cin amana ya zama mai tsada. Ta tilasta a binciki kuɗin tsaro ko da a zaman sirri ne, ta sa wa'adin da dole a kai wanda aka kama gaban alƙali, ta tanadi diyya ta dole ga farar hular da aka kashe bisa kuskure, ta kira shugabannin tsaro su yi bayani. Wasu daga cikin dokokin ma akwai su, kamar dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 da dokar hana azabtarwa ta 2017 da dokar 'yan sanda ta 2020. Duk da haka kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar jiran shari'a suke yi. Ƙara hukuncin kisa a takarda, kamar yadda Katsina da Zamfara suka yi a kan garkuwa da mutane, ba ya tsorata wanda ya san da wuya a kama shi, in an kama shi ma akwai mai fito da shi.

Abin da doka ba ta iya umarta

A watan Yunin 2018, lokacin da aka kai hare-hare a ƙauyukan Barikin Ladi na Jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara sama da tamanin, ya buɗe masallacinsa da gidansa ya ɓoye mutum 262, akasarinsu Kiristoci. Maharan suka zo suka ce ya fito da su, ya ƙi, ya tsaya a ƙofa yana roƙonsu. Babu sashen doka da ya wajabta masa haka. A Kaduna, Liman Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka jagoranci matasa masu gaba da juna a rikicin 1992, inda faston ya rasa hannunsa, limamin ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa, sun haɗu sun kafa cibiyar sasanci a 1995, kuma suna cikin waɗanda suka haɗa yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna ta 2002.

Haka nan matsalar infoma. Wanda ke gaya wa 'yan bindiga wa ya sayar da hatsi yau, wa ɗansa ya aiko masa da kuɗi daga birni, ba baƙo ba ne. A sahu ɗaya ake sallah da shi. Haka mai kai musu fetur da burodi da ƙwaya. Soja ba zai gane shi ba, sai maƙwabcinsa. A nan wa'azi da tarbiyyar gida da kunyar idon jama'a suke da aikin da bindiga ba ta yi. Amma maƙwabcin ba zai buɗe baki ba sai ya tabbata sunansa ba zai koma daji kafin ya iso gida ba, wannan kuma aikin dokar kare masu ba da shaida ne da jami'in da ke riƙe sirri.

Inda talaka zai sa ido

Muhawarar da ke gaban majalisa wadda za ta fi taɓa rayuwar mutumin ƙauye ita ce ta 'yan sandan jihohi. Sai an gyara kundin tsarin mulki, wato kashi biyu cikin uku na kowane zauren Majalisar Tarayya, da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Kafin nan jihohi sun fara nasu, Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta fito da Askarawa a Janairun 2024. Amfanin a fili yake, ɗan gari ya san daji, ya san fuska. Haɗarin ma a fili yake ga duk wanda ya tuna abin da 'yan sa-kai suka haifar, ko ya ji labarin yadda aka yi amfani da 'yan doka na En'e, wato 'yan sandan hukumar gargajiya, a kan 'yan adawa a Jamhuriya ta Farko.

Saboda haka in ɗan majalisar mazaɓarku ya zo gaisuwar Sallah ko ta Kirsimeti ya ce a dage da addu'a, a amsa masa da amin, sannan a tambaye shi abin da ke cikin ƙudirin. Wa zai ɗauki jami'an aiki, kuma za a ɗauki 'ya'yan makiyaya da na marasa rinjaye a garin? Ina mutum zai kai ƙara in askari ya kashe masa ɗa? Wa zai hana gwamna tura su rumfar zaɓe? Daga wane asusu za a biya albashinsu, a jihohin da malaman firamare ke bin bashin watanni?